Jirgi mai tafiya bisa iska: a hau a gani kafin a zuba kuɗi

A watan Yuli na shekarar 2007, wani babban kamfanin motocin bas na Birtaniya mai suna Stagecoach ya yi niyyar buɗe sabuwar hanya ta ruwa a yankin Sikotland, tsakanin garin Kirkcaldy da unguwar Portobello da ke bakin teku a birnin Edinbara. Mashigin teku ne ya raba wuraren biyu, mai mota sai ya yi zagaye ta gada, ya sha cunkoso kafin ya isa. Abin da kamfanin ke son sakawa a hanyar shi ne irin jirgin nan da ke tafiya bisa matashin iska, a ruwa da tudu duka, wanda Turawan Ingila ke kira hovercraft, Faransawa kuma aéroglisseur. Amma bai saya ba. Hayar guda ɗaya ya yi, mai kujeru 130, na mako biyu kacal, don a gwada a gani. Tafiyar minti 20 ce, kuma mutane fiye da dubu 32 suka hau cikin waɗannan kwanaki.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai dai a 2011 hukumar birnin Edinbara ta ƙi ba da izinin gina tashar jirgin a Portobello, kamfanin ya janye. Kuɗin gwaji da na nazari sun tafi, amma ba a bar shi da jirgi a ajiye yana cin kuɗin gadi ba.

A wannan shekara ta 2007 ɗin, can jihar Alaska ta Amurka, wani ƙaramin garin masunta mai suna King Cove ya fara aiki da nasa jirgin. Garin ba shi da hanyar mota zuwa Cold Bay inda babban filin jirgin sama yake, maras lafiya kan rasa yadda za a fitar da shi in yanayi ya ɓaci. Da taimakon gwamnatin tarayya aka sayi jirgi na wajen dalar Amurka miliyon 9, kusan miliyar 5 ke nan na kuɗinmu na sefa. Ya yi aiki, ya kwashi marasa lafiya da dama. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ga shi ba ya iya fita in iska ta yi ƙarfi ko teku ta yi haushi, a wurin da iska ke kaɗawa kusan kullum, kuma ɗawainiyarsa na cin wajen dala miliyon guda a shekara. A 2010 aka dakatar da shi. An kai shi wani tsibiri mai suna Akutan ya ɗan taɓa aiki, can ma a 2014 aka maye gurbinsa da jirgi mai saukar ungulu.

Labaran biyu na manyan jirage ne, amma darasinsu ya shafi ƙananan da ake sayar wa mutum ɗaya, mai otel ko mai yawo da ƴan buɗe ido. Duk wanda ya ga hoton irin wannan jirgi a wayarsa, ya ga ya fito daga ruwa ya hau yashi bai tsaya ba, ya ratsa taɓo ya sake faɗawa ruwa, in ya san kogin Isa a watan Mayu zai ce ga maganin da muke nema. Wataƙila haka ne. Sai dai hoton da mai sayarwa ya ɗauka, a ranar da ya zaɓa, da mutum ɗaya a ciki, ba ya gaya maka abin da jirgin zai yi a naka ruwan.

Yadda yake tafiya

Wani injiniya Bature ɗan Ingila, Christopher Cockerell, shi ne ya ƙago shi a shekarun 1950. Da gwangwanaye biyu ya fara, ƙarami cikin babba, yana hura iska tsakaninsu yana auna ƙarfinta a sikeli. Jirgin farko, SR.N1, ya ƙetare teku daga Calais ta Faransa zuwa Dover ta Ingila ranar 25 ga Yuli 1959, cikin awa biyu da ƴan mintoci. Hukumomi sun rasa inda za su sa shi, ba mota ba, ba jirgin ruwa ba, ba na sama ba, har sai da majalisar Birtaniya ta yi masa dokarsa ta musamman a 1968.

Sirrin ba shi da wuyar ganewa. Fanka ce ke tura iska ƙarƙashin jirgin, wani buje na roba da aka kewaye gindinsa da shi ya riƙe iskar, sai jirgin ya ɗaga sama. Ƙananan sukan ɗaga kamar taƙi guda, wajen santimita 20 zuwa 25. Wata fanka a baya ta tura shi gaba, da wasu faifai bayanta da ke karkata iska dama ko hagu. A yawancin ƙananan, inji ɗaya ne da fanka ɗaya ke yin aikin biyu, a raba iskar, kaɗan ƙasa, mafi yawa baya. Tun da ba abin da ke taɓa ƙasa in ba gefen bujen ba, zurfin ruwa bai dame shi ba, taɓo bai dame shi ba, ciyawar ruwa ba ta da farfelar da za ta naɗe.

Mu ma nan Afirka ta Yamma ya taɓa ratsa mu. A 1969 wani ayarin Turawa ƙarƙashin David Smithers ya taso da jirgi samfurin SR.N6 daga Senegal, ya bi manyan koguna, har da na Isa, ya kai tafkin Cadi. Sun nuna ana iya yi. Amma ayari ne mai injiniyoyinsa da man da aka tanadar masa a hanya, kuma inda ruwa ya yanke sai an ɗauki jirgin an kai shi wani kogin. Babu wanda ya buɗe hanyar kasuwanci bayansu.

Ranar gwaji

Kamfanonin da ke ƙera ƙananan, irin su British Hovercraft Company a yankin Kent na Ingila ko Neoteric a jihar Indiyana ta Amurka, sun saba da mai saye ya zo ya hau kafin ciniki, kuma sukan koyar da tuƙi. A Ingila akwai ma ƙungiyar masu irin waɗannan jirage tun 1966, suna tsere da yawon hutu da su. Samun inda za a hau ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce mutum ya san abin da ya je gani, don in ya biye wa daɗin iska da gudu, zai sauko yana dariya ya sa hannu bai gwada komai ba.

Abu na farko da ke ba sabon shiga tsoro: babu birki. Ta ina za a yi birki ga abin da ba ya taɓa ƙasa? In kana so ka tsaya, ko ka rage wuta tun daga nesa ka bar shi ya zauna a hankali, ko ka juya shi baki ɗaya, baya ya koma gaba, ka ba shi wuta iskar ta tare shi. Neoteric na sa wa nata jiragen wasu kwanoni bayan fanka da ke mayar da iska gaba, su rage gudu har su ja da baya. Yawancin sauran ba su da wannan. Kwana ma haka take: ka karkata hanci, amma jirgin ya ci gaba da zamewa inda ya dosa tun farko, kamar mota a kan laka, sai daga baya ya bi. Wanda ya shekara talatin yana tuƙin kamyo ba ya da fifiko a nan kan yaro, wataƙila ma hannunsa ya fi wuyar gyaruwa.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƴan koyo ce kawai. Jihar Oita ta Japan ta sayo sababbin jirage uku daga kamfanin Griffon na Ingila don kai fasinja filin jirgin sama. A watan Nuwamba na 2023, ranar farko ta horar da matuƙa, na farkon ya bugi shingen gefen hanya ya lalace. Jigilar fasinjan filin jirgin ba ta fara ba sai a watan Yuli na 2025. Saboda haka wanda zai tuƙa jirgin kullum, shi ya kamata ya je gwajin, ba maigida kaɗai ba.

Abu na biyu shi ne wanda, a ganina, ya fi kowane muhimmanci, kuma shi mai sayarwa ya fi son a wuce da sauri. In jirgin ya taso da gudunsa daga tudu ya faɗa ruwa, tafiya yake kamar tsuntsu. Amma in ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, iskar da ke ƙarƙashinsa sai ta danna ruwan ta yi rami, jirgin na zaune ciki. Da ya fara motsi sai igiya ta taso gabansa, dole ya hau wannan tudun ruwa kafin ya samu sakewa. In kaya sun yi masa yawa, ko injin ya gaza, ba zai hau ba: sai ƙara da feshi, yana jan ciki kamar kwale-kwale mai yoyo, mai na ƙonewa a banza. A ruwan da ba shi da zurfi sosai tudun ya fi ma wuyar hawa. Shi ya sa masu ƙira na gaskiya ke ba da nauyi iri biyu a takarda, wanda jirgin ke ɗauka in daga tudu ya taso, da wanda yake ɗauka in daga ruwa ne, kuma na biyun ya fi ƙanƙanta. Wanda aka faɗa wa lamba ɗaya kawai, ya tambayi ta biyun.

Gwajin mai sauƙi ne. A cika tanki, a zuba mutane iya adadin da za a riƙa ɗauka, manya masu jiki ba yara ba, da kayansu. A je tsakiyar ruwa a kashe inji. Nan ma za a ga abu biyu a kyauta: ko jirgin na yin iyo daidai ba tare da ruwa ya shigo ba, da ko injin na tashi ba gardama bayan ya sha feshi. Sai a tayar a ce ya hau tudu. A yi da iska a gaba, a yi da iska a baya. In mai sayarwa ya ce wani ya sauka tukuna, ko kowa ya matso gaba ya riƙe numfashi, to an samu amsa.

Sai iska. Abin da ba ya taɓa ƙasa, iska ce ke wasa da shi. Ta gefe takan ture shi daga hanya, dole matuƙi ya riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Ta baya ta fi haɗari: in gudu ya yi yawa, gaban bujen kan lanƙwashe ya shige ƙasa, hancin ya soki ruwa, jirgin ya tsaya nan take, na ciki su yi gaba. Manya ma ba su tsira ba. A watan Maris na 1972 wani SR.N6 ya kife kusa da Southsea cikin iska mai ƙarfi, mutum biyar suka rasu. A watan Maris na 1985 ƙaton jirgin nan Princess Margaret ya bugi katangar tashar Dover, huɗu suka rasu. Wanda ya gwada da safe teku na kwance kamar tabarma, ya roƙi a sake fita da la'asar in iska ta taso, da rigar ceto a jikin kowa. Gangare ma abin dubawa ne, don a gefen tudu jirgin zamewa yake yi ƙasa, kuma gaɓa mai tsayi ba ya hawanta sai da gudu.

In an sauko, a ɗaga jirgin a duba bujen. A ƙananan, ba ƙyalle ɗaya ba ne, ƴan aljifai ne da yawa jere da juna, kowane ana cire shi a sa sabo cikin ƴan mintoci. Su ne tayoyinsa, su ne ke cinyewa. A ruwa sukan daɗe, a tsakuwa da busasshiyar ƙasa mai kaifi ba sa jimawa. A tambayi kuɗin guda, a tambayi ko mai ɗinkin tamfol zai iya yin irinsa in an ba shi yadin. A dubi bakin fukafukan fanka, don yashi na cin su kamar zarto. Injin kuwa, in irin wanda makanikan gari suka sani ne, alhamdu lillahi. Wasu ƙananan na Ingila na amfani da injin Briggs & Stratton, dangin wanda ake sa wa janareto da injin ban ruwa. Wasu kuma na da injin da kowane ƙusa sai an yi odarsa daga waje.

Ƙara kuwa ba sai an tambaya ba. Abin da ya kamata shi ne mai saye ya sauka, ya koma nesa kamar mita ɗari biyu, ya ji abin da maƙwabta za su riƙa ji.

Lissafin ɗan kasuwa

Mai son shaƙatawa, in aljihunsa ya ɗauka, gwajin yini ɗaya ko biyu na iya isarsa. Ɗan kasuwa kuwa jirgi kawai ya gwada, bai gwada kasuwa ba. Tarihin mashigin Ingila da Faransa ya isa misali. Daga 1968 manyan jirage samfurin SR.N4 suka riƙa ƙetare shi, waɗanda aka ƙara wa tsawo na ɗaukar fasinja 418 da mota 60. A 1995 ɗaya daga cikinsu, Princess Anne, ya ƙetare cikin minti 22. Gudu dai ba a magana. Amma injuna huɗu irin na jirgin sama ne ke shan mai, bujen na neman gyara kusan kowane dare, sannan aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku a 1994, a 1999 kuma aka soke sayar da kaya maras haraji a cikin jirage, inda riba mai yawa take. Ranar 1 ga Oktoba 2000 suka yi tafiyar ƙarshe. Princess Anne na gidan tarihi a Lee-on-the-Solent. Faransawa ma sun gwada nasu, N500, na farko ya ƙone a 1977 bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba, na biyu ya bar aiki a 1983.

Inda sana'ar ta ɗore, akwai dalili a ƙasa. Kamfanin Hovertravel na kai mutane daga Southsea zuwa Ryde da ke tsibirin Wight tun 1965, tafiyar minti goma. A Ryde in teku ta janye takan bar yashi mai nisa, jirgin ruwa sai dai ya tsaya a ƙarshen doguwar gada, shi kuwa wannan ya hau yashin ya sauke mutane a bakin gari. Ƙungiyar ceto a teku ta Birtaniya ta fara amfani da ƙanana a 2002 a wurare irin su Morecambe, inda taɓo ke riƙe mutane, kwale-kwale ba ya zuwa, mota ba ta zuwa. A Madagaska ƙungiyar agaji ta HoverAid ta yi amfani da su wajen kai ma'aikatan lafiya ƙauyukan da ke bakin koguna marasa zurfi, amma wannan aikin agaji ne da masu taimako ke biya, ba kuɗin fasinja ba. Duk inda kwale-kwale mai inji ke iya zuwa, ya fi araha, ya fi ɗaukar kaya, kuma kowa ya iya gyaransa.

To ɗan kasuwa ya auna da kansa: lita nawa na esansi ko gazuwal jirgin ya sha cikin awa guda da cikakken kaya, ba abin da takarda ta ce ba. Kwana nawa a shekara iska za ta hana fita. Wa zai yarda ya ba da asiransi ga fasinja, kuma nawa. A wane aji duwan za ta sa shi. Wace hukuma ce za ta ba da takardar tuƙi da izinin wurin sauka. Wannan na ƙarshe shi ne ya kayar da Stagecoach bayan fasinja dubu 32 sun ce suna so.

In a kogin Isa ne

Gwajin da aka yi a bakin tekun Ingila, cikin sanyi da danshi, rabin gwaji ne ga mai niyyar kawo jirgin nan. A watan Afrilu zafin Yamai kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi, inji na rage ƙarfi, fanka ma na rage turi, wato jirgin da ya hau tudun ruwa da ƙyar da mutum huɗu a can, a nan yana iya ƙi da uku. Bisa busasshen yashi yakan tayar da ƙura ta rufe shi, ita ce kuma injin ke shaƙa, balle a haɗa da ta hunturu. Ƙaya, kututturen kara, duwatsun da ke fitowa in ruwa ya ja, duk abokan gabar bujen ne. Kainuwa ba ta naɗe shi, wannan gaskiya ne, kuma yashin da ke tsayar da manyan kwale-kwale a bazara ba ya tsayar da shi. Waɗanda suka manyanta na tuna 1985, da kogin ya daina gudu a Yamai. A irin wannan hali babu abin hawan da ya kai shi.

Amma kogin ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai masunta da tarunsu, mata masu wanki, yara masu iyo, shanu masu ƙetarewa, ga dorina a wajen Ayaru. Abin da ba shi da birki kuma ana jin ƙararsa daga nesa, sai an zauna da sarkin ruwa da masu gari kafin a sake shi a tsakaninsu. Mai otel da ke son kai baƙi kallon tsuntsaye ko dorina ya tambayi kansa ko za su tsaya a kalle su.

Kogin kuma fuska uku gare shi a Yamai: ƙarancin ruwa daga Afrilu zuwa Yuni, jan ruwan damina a Agusta da Satumba mai zuwa da itace da shara, sai cikar da ke gangarowa daga Gini wajen Disamba da Janairu, lokacin iskar hunturu. Jirgin da aka gwada a ɗaya, ba a san halinsa a sauran biyun ba. Wanda ya samu mai ba da haya, ya fara da haya ko da ta yi tsada. In babu sai saye, a rubuta cikin takardar ciniki cewa mai sayarwa zai turo mai koyar da tuƙi da gyara, za a haɗo da aljifan buje, da fukafukan fanka, da bel, da matatar iska na shekara guda aƙalla, kuma cikon kuɗin ba zai fita ba sai jirgin ya tashi daga tsakiyar ruwa da cikakken kayansa, a nan, da tsakar rana, a gaban mai saye.